Kyamara ko lens, wanne zan fara canzawa? Hoton ƙwallo da na wasan mawaƙa da dare sun gagare ni

Ɗan Gangare:
Salam jama'a, dan Allah masu harkar hoto ku ba ni shawara kafin in zubar da kuɗina a banza. Ni a Jos nake, shekara uku kenan ina ɗaukar biki da suna da Canon 600D, lens biyu gare ni, 18-55 da ya zo da ita sai 75-300. A biki ba na samun matsala tunda amarya tsayawa take kuma ga filasha. To kwanaki wani koci a unguwarmu ya fara kirana ina ɗaukar wa yaransa wasa, har na samu shiga filin wasa na Rwang Pam sau biyu, da farkon wasa hoto na fita ba laifi amma da an dawo hutun rabin lokaci rana ta yi sanyi shikenan, ƙafafun ƴan wasa duk su narke ƙwallo ta koma kamar ƙwai. Ran Asabar wani yaro ya ci ƙwallo da ka, babansa ya biyo ni har bakin get wai in tura masa, na duba hoto tara da na ɗauka lokacin wlh allon tallan da ke baya ne ya fito tar, yaron kuwa dishi-dishi. Ƙarya na yi masa na ce batir ya mutu.

Sai kuma wasan Sallah da aka yi a wani hol, an hana filasha, fitilu ja da shuɗi suna ta juyawa, fuskar mawaƙin ta fito kamar an shafa masa manja. Kuɗin da na tara na abu ɗaya ne, ko kyamara 7D Mark II ta hannu ko lens 70-200 f/2.8. Wanne?

Baba Mai Nagatif:
Wa alaikumus salam ɗana. Sayi lens. Ni tun zamanin fim nake wannan wahala, lokacin wasannin Afirka na 2003 da aka buɗe babban filin Abuja ina nan da fim mai ɗauka 36, in ya ƙare kana canzawa a ci ƙwallo kana kallo, kuma mun fitar da hoto. Matsalarka haske ce. Shi 75-300 in ka zuƙe shi zuwa 300 ba ya buɗewa ya wuce f/5.6 (lambar buɗewar idon lens ce, ƙaramar lamba ta fi shigar da haske), wancan kuwa yana nan a 2.8 daga 70 har 200, hasken da ke shiga ninki huɗu ne. Wato inda kyamararka ke ba ka shota 1/250 na sakan (tsawon lokacin da haske ke shiga) da yamma ƙafafu suna narkewa, da wancan 1/1000 za ka samu ba tare da ka taɓa ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) ba, kuma 1/1000 ɗin ita ce ke tsayar da mai gudu cak. Ka sa tsohon lens ɗinka a kan sabuwar kyamara duhun nan dai shi za ka tarar.

Kuma kar wani mai shago ya matsa maka lallai sai mai IS. IS rawar hannunka yake gyarawa, ba ya kama ƙafar ɗan wasa. Akwai tsohon 70-200 f/2.8 marar IS, ya fi araha nesa ba kusa ba kuma a filin ƙwallo aikinsu ɗaya. Nauyi ne dai sai ka shirya, ya haura kilo ɗaya, minti casa'in kana riƙe da shi kafaɗa za ta gaya maka, ka nemi sandar nan mai ƙafa ɗaya.

Lamba Tara:
Baba da girmanka amma a nan ban bi ka duka ba. Ku sake karanta abin da ya rubuta, allon talla ya fito tar yaro bai fito ba, wannan ai ba duhu ba ne fokas ne ya gudu. 600D ɗigon fokas (wuraren da take kama abu da su ya fito tar) tara kawai gare ta kuma na tsakiya ne kaɗai mai ƙarfi, ko hoto huɗu ba ta cikawa a sakan, ita kuwa 7D Mark II tun da ta fito a 2014 don wasanni da tsuntsaye aka yi ta, ɗigo 65, hoto goma a sakan, ni da ita nake ɗaukar Plateau United tun kakar 2017 da suka ɗauki kofin lig kuma har yau ban ajiye ta ba. Bugun kai ɗaya sai in samu tashinsa da haɗuwarsa da ƙwallo da saukarsa, in zaɓi wanda na ga dama.

Amma Ɗan Gangare tsaya tukun, je ka duba kyamararka, fokas ɗin a One Shot yake ko AI Servo? Don ku ƴan biki kun saba da One Shot, kyamara ta kama ta kulle, shi kuwa ɗan wasa kafin ka danna ya bar wurin da taku uku. Mai da shi AI Servo mai bin abin da ke motsi, zaɓi ɗigon tsakiya shi kaɗai kar ka bar mata zaɓi, ka ɗora shi a ƙirjin rigar ɗan wasa ka bi shi. Sa ta a Tv, inda kai ke zaɓar shota, 1/1000, ISO ka bar shi ya hau ko da zai kawo yashi, yashi-yashi a hoto ya fi narkewa sau dubu, ba uban da zai ƙi hoton ɗansa don yashi. Kuma ka daina tsayawa a tsakiyar fili kusa da benci, koma bayan raga wajen tutar kwana ka durƙusa rana tana bayanka, ƴan gaba su za su kawo maka fuskarsu da kansu.

Baba Mai Nagatif:
Maganar Servo gaskiyarka, na tsallake ta. Amma in ya canza bodi, wato ita kyamarar, har batir sai ya sake saye don na 600D ba ya shiga 7D, ku riƙa lissafawa da wannan.

Maman Ilham:
Ni ban san ƙwallo ba, ɓangaren wasan dare zan yi magana don shi nake yi a nan Abuja, dina da taron mawaƙa da majalisi. Ƙanena kafin ka taɓa manyan kuɗin nan nemi 50mm f/1.8, shi ne mafi arha a lens ɗin Canon kuma a kan kyamararka kamar 80mm yake, in kana gaban dandamali ya ishe ka rabin jiki. Haskensa ya kusa ninka na f/5.6 sau goma. Da shi na fara, shekara biyu ina cin abinci da shi kafin in koma Sony A7 III.

Manjan da ka gani a fuska jar fitila ce ta cika sensa (farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara) launin ya ƙone, in JPEG ka ɗauka ba gyara, don haka RAW dole, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, sannan ka auna haske a fuskar mawaƙi ba a duhun bayansa ba, in ka bar wa kyamara za ta ga baƙi ya yi yawa ta buɗe har fuska ta wanke. Ni manuwal nake sawa in saita komai da kaina, 1/250, f/2, ISO 1600 zuwa 3200, sai in tsaya ina kallon mai fitila. Su ma da tsarinsu fa, yawanci in an zo amshi sukan saki farar fitila ko ruwan ɗorawa na ɗan lokaci, waƙar farko ba na ɗaukar komai sosai ƙirga nake yi, ta biyu na san inda farin zai faɗo ina jiransa. Wanda ja ya ɓata kuma yanayin ya yi kyau sai in mai da shi baƙi da fari, masu shi har cewa suke shi ya fi burge su, ni dai shiru nake.

Abu biyu da za ka kiyaye. Na farko shota marar ƙara, na kunna a wani taro don kar in dami manyan baƙi, na dawo gida na tarar da layi-layi a kwance a kusan duk hotunan kamar zanen atamfa, ashe fitilun LED da allon baya kyaftawa suke ido ba ya gani. Tun ranar in dai akwai LED shota mai ƙara nake bari. Na biyu fitilar leza, koriyar nan mai yawo cikin hayaƙi, in ta daki lens kai tsaye tana iya ƙona sensa, musamman in kana bidiyo, wata ƙawata layi ɗaya ya fito mata tun daga sama har ƙasa bai sake gogewa ba. Da ka ga an kunna ta juya kyamara ƙasa. Kuma sayi abin toshe kunne, kusa da sifika za ka wuni.

Sarkin Zum:
Hhhh batir ya mutu, wlh dukkanmu mun taɓa kashe batirin nan. Ni nawa ɗaya ne, in za ka sayi lens na hannu ko a kasuwar Terminus ne ko Abuja za ka sauko kar ka biya sai ka cire murfi biyu ka haska tocilan waya ta ciki, in ka ga abu kamar saƙar gizo to fumfuna ce ka ajiye musu kayansu, ƴar ƙura kam ba komai. Ɗora shi a kyamararka ka gwada a 200 da 2.8 a kan rubutun wani allo, ka sa yaron shago ya tako zuwa wajenka ka ga ko yana binsa. Kuma damina a Jos kar ka kulle shi a jaka cikin durowa, watan Agusta kaɗai ya isa. In bodi ce ka sa a duba maka adadin shota, wato yawan hoton da ta taɓa ɗauka.

Ɗan Gangare:
Kai jama'a na gode Allah ya saka. Oga Lamba Tara yanzu na ɗauko ta na duba, One Shot take, shekara uku ban taɓa matsar da shi ba, kunya ta ishe ni. Anti Maman Ilham 50mm ɗin zan saya satin nan in sha Allah tunda ba zai taɓa min babban kuɗin ba. Baba akwai wani abokina a Bukuru mai 70-200, ya ce zai ba ni haya ran Lahadi yaran suna da wasa ƙarfe huɗu, zan gwada shi a kan 600D ɗin da Servo in gani kafin in yanke. Tambaya ɗaya, a bayan raga 200 zai kai min tsakiyar fili kuwa?

Lamba Tara:
A kyamararka 200 kamar 320 yake, daga raga zuwa da'irar tsakiya za ka samu in ka ɗan yanke hoton. Abin da ya wuce nan kyale shi, jira su dawo. Ka zo da memori biyu, Servo da ɗauka a jere suna cinye kati kafin a tafi hutu.