Wuta tana kashe gubar gyaɗa? Muhawarar da ta ɓarke a zauren 'yan unguwa

Alhaji Garba Dawanau: Salamu alaikum jama'a. Yau wani yaro ya zo mini shago da jaka da takardu, wai kamfaninsu zai sayi gyaɗa tirela guda, amma sai an ɗebi kaɗan an kai gwaji saboda wata guba da suke kira afalatoksin. Na ce masa Allah ya kiyaye hanya. A garin nan aka tara dalar gyaɗa tun zamanin su Alhassan Ɗantata, jirgin ƙasa na kwasa zuwa Ikko, ba mu ji wanda gyaɗa ta kashe ba. Duk abin da ya shiga wuta ya tsarkaka. Gyaɗa soya ta ake yi, ƙuli-ƙuli a tafasasshen mai ake toya shi. Sauran zancen dabara ce ta Turawa don su karya mana farashi.

Aminu Soja: Ranka ya daɗe, ni ma da ƙuli da garin kwaki na yi sakandare, ga ni nan garau.

Musbahu mai kaji: Alhaji, a yi mini afuwa, ni ba labari aka ba ni ba. Daminar bara na samu tunkuza da araha wajen wani mutum, na haɗa abincin kaji da ita da masara. Sai ƙwai ya fara ja baya, kajin suka daina cin abinci sosai, wasu suka fara mutuwa ɗai-ɗai. Na ɗura musu maganin ƙwayoyin cuta har na gaji. Da Dakta ta zo ta farke guda biyu a gabana, hantar ta kumbura, ta koma rawaya-rawaya, kana taɓa ta tana dagargajewa. Kuma tunkuzar nan ai daga soyayyar gyaɗa aka matse ta. Ta ga wuta.

Dakta Hadiza: Barkanmu da dare. Baba Alhaji, da girmanku, bari in ɗan tsoma baki, don a wajenmu likitocin dabbobi zancen nan ya faro. A 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a gonakin Ingila cikin 'yan watanni, an rasa gane cutar. Da aka bi diddigin abincinsu sai aka tarar duk sun ci tunkuzar gyaɗa da aka shigo da ita daga Barazil. A cikinta aka samu wata funfuna mai suna Aspergillus flavus, aka kuma ware gubar da take fitarwa, wato afalatoksin ɗin nan. To kun ga ba don Kano aka ƙirƙiro maganar ba. Kayan Barazil ne, tsuntsayen Ingila ne suka mutu, asarar ma tasu ce.

Funfunar nan a cikin ƙasa take zaune, har a gonakinmu. Idan ruwa ya ɗauke da wuri gyaɗa tana cikin nuna, ko ƙwari suka huda kwanson, sai ta samu ƙofa. In kuma aka zuba a buhu da sauran laima, a cikin sito take ƙarasa aikinta.

Alhaji Garba Dawanau: 'Yata, talotalo daban, ɗan Adam daban. Kaza ko tari ta ji sai ta mutu.

Dakta Hadiza: Gaskiya ne dabbobi sun bambanta, Baba. 'Ya'yan agwagwa sun fi kowa saurin faɗuwa, tumaki kuwa suna da juriya. Amma mutane ma sun mutu. A gabashin Kenya a 2004 an ƙirga mutum 317 da suka kwanta bayan cin masarar da aka adana da danshi, 125 suka rasu. Idonsu ya yi shawara, hanta ta daina aiki. Wannan shi ne idan an ci da yawa a lokaci guda. Wanda ya fi damuna shi ne na kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, wanda ke ƙarewa da sankarar hanta, mutum ya mutu a ce sammu ne ko ajali, ba wanda zai waiwayi kwanon ƙuli.

Malam Nura: Ni ɓangaren wutar zan ɗauka, tunda shi nake koyarwa. Alhaji ya haɗa abu biyu wuri ɗaya. Funfuna abu ne mai rai, wuta tana kashe ta, babu musu. Gubar da ta riga ta zuba a cikin ƙwayar kuwa sinadari ce, ba ta da ran da za a kashe, sai dai a wargaza ta, kuma tana da taurin kai. Ruwa yana tafasa a digiri 100, duk itacen da za a tura, tukunyar kunun gyaɗa ba za ta wuce nan ba. Man suya yana kaiwa 170 zuwa 190. Ita kuwa gubar sai an haura 260 take narkewa ta lalace sosai. Kafin gyaɗa ta kai wannan zafin ta zama gawayi.

Kuma ko a cikin man, cikin curin ƙulin bai kai zafin man ba muddin akwai sauran ruwa a jikinsa, don ruwan da ke fita yana tafiya da zafin.

Sadiya: Malam, a ƙara da cewa suya tana ragewa, kada a ce mun ɓoye. Gwaje-gwaje sun nuna gyaɗar da aka soya da kyau takan sauke wani kaso, wani lokaci rabi ko fiye. Matsalar ita ce rabin nawa? In gyaɗa tana ɗauke da ninki ɗari na abin da aka yarda a ci, ka rage rabi, saura ninki hamsin.

Hajiya Ladi mai ƙuli: To yanzu me kuke nufi, mu rufe sana'a? Da ƙulin nan na aurar da 'ya'ya. Sadiya, ke ma da shi aka yaye ki, tambayi uwarki.

Sadiya: Wallahi Hajiya ba haka nake nufi ba, a yi haƙuri. Amma ƙuli ne inda abin ya fi taruwa. Idan aka matse mai, mafi yawan gubar ba ta bin man, a tunkuza take zama. Man da masana'anta ta tace da sinadari kusan babu komai a cikinsa, na gida wanda ba a tace ba yakan ɗauki ɗan kaɗan. Ragowar duk tana cikin abin da ake mulmulawa a toya, ko a daka a zuba a yajin tsire, ko a sayar wa su Yaya Musbahu.

Aminu Soja: Har yajin tsire? Yau kam an taɓa mu.

Barista Kabiru: Ban ga an yi wa Alhaji adalci a zancensa na biyu ba. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci kai tsaye in gubar ta wuce maikirogiram 4 a kilo (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Amurka tana karɓa har 20. Hantar Ba'amurke ta fi ta Bafaranshe ƙarfi ne? A 2001 masu bincike na Bankin Duniya sun yi lissafi cewa tsaurin Turai zai jawo wa ƙasashen Afirka asarar kusan dala miliyan 670, alhali rayukan da zai ceta a can ba su kai biyu cikin mutum biliyan ɗaya a shekara ba. Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, da kansa ya ɗauki zancen. In wannan ba shingen kasuwa ba ne, mene ne?

Alhaji Garba Dawanau: Allah ya yi maka albarka, Barista. Ai haka suka hana wakenmu shiga.

Sadiya: Na wake daban ne, Baba. Wancan a 2015 ne, kuma maganin ƙwari ne aka samu ya yi yawa, irin fiya-fiyar da ake zubawa a buhu. Ba funfuna ba ce.

Barista, lissafin nan an yi ta ja da shi daga baya. Waɗanda suka koma kan alƙaluman ciniki sun tarar gyaɗar Afirka ta riga ta ja baya sosai a kasuwar Turai tun kafin dokar. Namu ma a ido yake: farin farkon shekarun 1970, da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975, da kuɗin fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, su suka rushe dalar gyaɗa. Amma na yarda tazarar 4 da 20 akwai siyasa a ciki.

Dakta Hadiza: Ni ko an ce siyasa ce tsantsa ba zan yi musu ba. Tambayata ita ce, in sun ƙi saya, wa yake ci? Mu ne. Kuma mu ne ya fi kamata mu ji tsoro, ba su ba. Wani bincike da aka yi a Shanghai ta ƙasar Sin, inda aka bi maza fiye da 18,000, ya nuna wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B kuma ana ganin alamar gubar a fitsarinsa, haɗarin sankarar hanta a kansa ya kai kusan ninki 60 na wanda ba shi da ko ɗaya. Ciwon hanta B kuwa ya yi katutu a ƙasar nan, rigakafinsa bai shiga jerin alluran jarirai ba sai 2004. Duk wanda ke zauren nan an haife shi kafin nan.

Sannan ga nono. Saniyar da ta ci gurɓatacciyar tunkuza, cikin kwana guda wani ɓangare na gubar yake fitowa a madararta, tafasawa kuma ba ta cire shi. In aka canza mata abinci, bayan 'yan kwanaki madarar ta washe.

Maman Ilham: Ni na ji an ce tana hana yara girma. Haka ne?

Sadiya: Wannan har yanzu masana ba su daidaita ba, Anti. A 2002 an auna jinin yara 480 a ƙasashen Benin da Togo, aka ga waɗanda suka tsumbure sun fi yawan gubar a jini. Amma gidan da ke cin ruɓaɓɓiyar masara shi ne kuma gidan da babu nama, babu ruwa mai kyau, to wanne ne ya tsumburar da yaron? Da aka gwada a Kenya, aka riƙa canza wa wasu gidaje masara da mai tsabta, gubar ta ragu a jinin yaran, amma a ƙarshen gwajin tsayinsu bai fi na sauran ba. Na sankarar hanta ne babu ja a kansa.

Aminu Soja: Malam Nura, an ce abin yana walƙiya a ƙarƙashin fitilar nan ta duba jabun kuɗi. Mu saya wa Alhaji guda ɗaya a Sabon Gari a huta.

Malam Nura: Da ma da sauƙi haka. Gaskiya ne gubar tana shan hasken da ido ba ya gani ta mayar da shi shuɗi ko kore, da haka ma aka fara auna ta a ɗakin gwaji. Amma sai an tatso ta daga ƙwayar an raba ta da sauran abubuwa. In ka haska buhun masara ka ga kore-kore, wani sinadarin ne daban da funfunar ke yi, yana iya fitowa babu guba, guba kuma tana iya kasancewa bai fito ba. Wahalar gwajin ma ba a na'ura take ba, a ɗiba take. Wake ɗaya ke ɓata gari: ƙwaya ƙalilan ne a buhu suke ɗauke da kusan duk gubar, in ka soka ma'aunin ɗiba wuri ɗaya za ka iya kuskure su gaba ɗaya. Shi ya sa yaron ya so ya ɗiba daga buhuna da yawa, ba raini ba ne, Alhaji.

Hajiya Ladi mai ƙuli: To ai mu mun san su. Mai baƙin ciki, da motsattsiya, da wadda in ka tauna ɗaci ya cika maka baki. Uwata a faifai take bajewa ta tsince su ɗaya-ɗaya kafin ta ɗora kasko.

Dakta Hadiza: Hajiya, abin da mahaifiyarku take yi shi ne abin da aka gwada a ƙauyuka 20 na ƙasar Gini, aka buga sakamakon a 2005. Tsince da hannu, shanya a tabarma maimakon ƙasa, a bari ta bushe ƙayau, a zuba a buhun da iska ke ratsawa, a ɗora kan katako kada ya taɓa daɓe, da maganin ƙwari a sito. Bayan wata biyar, gubar da ke jinin mutanen ƙauyukan da suka yi haka ba ta kai rabin ta sauran ba. A gona kuma akwai Aflasafe da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, dawa ce mai launin shuɗi da aka shafa wa irin funfunar da ba ta yin guba, a watsa kilo 10 a hekta kafin amfani ya yi fure, ta mamaye wurin ta hana muguwar.

Musbahu mai kaji: Ni tambaya ɗaya gare ni. Wadda aka tsince, ina take zuwa?

Hajiya Ladi mai ƙuli: Tambayi Alhaji. Kwano biyu ake auna mana a kasuwa, mai kyau da tsintacciya, kuma tazarar kuɗinsu ba kaɗan ba ce. In na sayi mai kyau zalla, ƙulina zai fi na maƙwabciyata tsada, yaron makaranta kuma girman curi yake dubawa. Wadda ta fi lalacewa ita ake niƙawa a kai wa masu kaji da masu shanu.

Alhaji Garba Dawanau: Hajiya, kada ki ɗora mini. Ni ma da kuɗina na saye ta daga manomi, buhu guda aka auna mini, mai kyau da marar kyau. In na tsince tiya uku a buhu na zubar, wa zai biya ni? Kamfanin da ke son tsabtatacciya ya ƙara kuɗi, ni kuma in ƙara wa manomin da ya shanya a tamfal. Zancen wuta, Malam Nura, na ji lissafinka, zan ƙara tambaya. Amma ba zan haƙa rami in binne dukiyata don Bature ya ce 4 ba.

Barista Kabiru: Yaron da kuka kora, Alhaji, nawa ya ce zai ƙara a kan buhu in ta tsallake gwajin?

Alhaji Garba Dawanau: Ban bari ya kai nan ba. Ya dai bar lambarsa wajen yaron shago.