Wa ya taɓa shiga dajin Yasuni kallon tsuntsaye?

Baban Amira: Assalamu alaikum. Ina da taro a Kito, babban birnin Ekwado, kuma ina son in ƙarasa gandun Yasuni in ga tsuntsaye. An ce min ko dai in sauka a masaukan bakin kogin Napo, ko in nutsa ciki wajen mutanen Huaorani, 'yan asalin dajin. Wanne ya fi?

Ɗan Jos: Wa alaikumus salam. In tsuntsu ne a gabanka, Napo. Nau'in tsuntsayen gandun ya kai wajen 600, kuma masu rakiyar can sun san kukansu ɗaya bayan ɗaya. Akwai masaukin Napo Wildlife Center, na al'ummar Kichwa ta Añangu ne, su ke gudanar da abinsu. Da sassafe za a kai ka gaɓar da aku ke taruwa suna cin laka.

Maman Yusra: Aku ma na cin ƙasa? Ashe ba masu ciki kaɗai ba ne.

Injiniya: Alhaji, ni dai ga abin da ya same ni. Daga Kito na hau jirgi zuwa Koka, ko awa ɗaya ba a yi. A garin wani kamfani ya tare ni da farashi mai sauƙi, wai har ƙauyen Huaorani za a kai mu. Muka ɗauki hanyar da kamfanonin mai suka fasa kudu da Koka, bututu na bin gefen titi, ga wutar gas tana ci da rana tsaka. Inda aka sauke mu babu nisa da titin. Muna isowa aka shiga cewa mutane su tuɓe riguna su ɗauko bututun da suke hura kibiya da shi, don a yi hoto. Wani dattijo yana gama hoton ya mayar da rigarsa ya miƙo hannu, sai na gane ko sisi ba ya zuwa musu daga kuɗin da muka biya. Mai rakiyar kuma duk abin da ya gifta sai ya ce aku ne. Tsuntsun kirki guda da na gani shi ne hoatzin, mai tukku da wari, shi ma don ba ya gudu ne. Kafin ka ba kowa dala ɗaya ka tambaya: wane ƙauye, wa ya ba da izini, nawa ke shiga hannunsu. In ya fara kame-kame, ka tashi.

Malama Hadiza: Gaskiyar Injiniya. Masu zuwa na haƙiƙa ta kogin Shiripuno suke bi, wasu har ƙauyen Bameno a kan kogin Cononaco, kuma da yardar mutanen. Sannan kada wani ya ruɗe ka da zancen Tagaeri da Taromenane, ƙabilun da ke can ƙuryar dajin. Su sun zaɓi kada kowa ya je musu, tun 1999 aka keɓe yankinsu. Mura kaɗai ta isa ta yi musu ɓarna.

Na Gashuwa: Duk wannan wahalar saboda tsuntsu? Ku zo Dagona, matattarar tsuntsaye kusa da Gashuwa, lokacin sanyi ku ga na Turai kyauta.

Ɗan Jos: Kyauta ina? Wancan karon kuɗin mai ma ni na biya.

Na Gashuwa: Kifin da ka cinye fa?

Malama Hadiza: Ku bari mana. Kan batun man, a watan Agusta na 2023 an yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 59 cikin ɗari suka ce a daina haƙa a filin man Bulok 43 da ke cikin gandun. Kafin nan, a 2019, Huaorani na lardin Pastaza sun kayar da gwamnati a kotu, Nemonte Nenquimo na cikin jagorori.

Injiniya: Ƙuri'a daban, rufe rijiya daban, Malama.

Maman Yusra: Ni abinci nake ji maka, Baban Amira. Farautar Huaorani har da biri da aladen daji. Ka faɗa tun farko kifi da rogo da ayaba kawai kake ci.

Ɗan Jos: Ka yi allurar zazzaɓin shawara, ka riƙe katin. Madubin hangen nesa ya zama wanda ruwa ba ya shiga.

Baban Amira: Na gode ƙwarai. To yanzu Napo ke nan ko Shiripuno?

Na Gashuwa: Bizar ma ta fito ne tukuna?