Tsohuwar bindigar soja ko sabuwa: wacce za a shiga daji da ita?

Daga zauren Hausawa mazauna Amurka da Kanada masu sha'awar farauta

Baban Amira, Minnesota: Assalamu alaikum. Na gama kwas ɗin farauta, ina shirin fita neman barewa a watan Nuwamba. Jiya a shago na ga tsohuwar bindigar sojan Rasha, Mosin-Nagant, mai sakata, wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi. An buga 1943 a jikinta, har yanzu maiƙon ajiya na danƙare a ƙotarta. Kawu, na tuna ka taɓa cewa tsohuwar bindigar soja ta fi duk sababbin nan. In saya?

Kawu, Winnipeg: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina kan bakana. Tawa Lee-Enfield ce, tsohuwar bindigar sojan Ingila, lamba 4, ƙirar Long Branch kusa da Toronto. Shekara goma sha ɗaya ina farauta da ita, ko sau ɗaya ba ta ƙi tashi ba, har a sanyin da yatsa ke mannewa da ƙarfe. Dakarun sa-kai masu sintiri a arewacin Kanada irinta suka riƙe tun 1947, sai 'yan shekarun nan aka canza musu. Abin da ya yi shekara saba'in a ƙanƙara, barewa ce za ta gagare shi?

Injiniya, Ohio: Kawu, Allah ya ja da ranka, ba na jayayya da ƙwarinta. Amma dalilin da ya sa mutane suka yi rububin Mosin a da, arha ne. A shekarun 2000 ƙasa da dala 100 ake sayar da ita. Yau kuɗinta ya ninka sau da yawa, ya kusa kamo na sabuwar bindigar farauta Savage Axis, wadda ta zo da gurbin madubin hange a shirye. Harsashin ma ya yi tsada tun da Amurka ta hana shigo da na Rasha a 2021. Sannan Mosin tsawonta ya haura santimita 120, nauyinta wajen kilo 4. Sabuwa ba ta cika wuce kilo 3 ba. Wanda ya yini yana ratsa surƙuƙi ya san bambancin kilo ɗaya.

Kawu: Madubin me? Yawancin barewar da na harba ba ta kai nisan mita 100 ba. Saitin ƙarfen da ke kan bututun bindigar ya isa.

Injiniya: Ya ishe ka, domin hannunka ya faɗa. Shi wannan ce fitarsa ta farko, kuma barewa da asuba ko gab da magariba take fitowa, lokacin da saitin ƙarfe ke ɓacewa a ido. In ya ce zai ɗora wa Mosin madubi, hannun sakatarta miƙaƙƙe ne, sai an lanƙwasa shi an huda jikinta. Ka ga ya biya maƙeri, ya kuma ɓata kayan tarihi.

Dakta, Alberta: Ku yi haƙuri in sa baki, domin abin da ya fi damuna ba ku taɓo shi ba. Harsashin soja an lulluɓe shi da ƙarfe gaba ɗaya, ba ya buɗewa a jikin dabba, ratsawa yake ya wuce. Bara na raka wani maƙwabcina da ya yi harbi da irinsa. Tun hantsi muke bin ɗigon jini a kan ƙanƙara, ɗigo nan, ɗigo can, har duhu ya rufa ba mu same ta ba. Wallahi na kwana da abin a raina. Dabbar nan tana da haƙƙi a kanmu. Baban Amira, a Minnesota doka ma ta wajabta harsashi mai taushin baki, wanda ke buɗewa. Kowace ka saya, kada ka kai akwatin harsashin soja daji.

Kawu: A nan kam ba ni da ja, Dakta. Ni ma mai taushin baki nake sawa. Wannan laifin harsashi ne, ba na bindiga ba. Mutanen Suwidin sun daɗe suna kayar da mus, ƙatuwar dabbar nan da ta fi doki tsayi, da harsashin tsohuwar bindigar sojansu, Mauser, mai awon 6.5x55.

Dakta: Haka ne. Amma harsashin ya riga ya taɓa bindigar. Tsohon harsashin soja yana barin gishiri a bututu, in ba a wanke da ruwa ranar ba, tsatsa ta ci zanen ciki. Bindigar 1943 hannu nawa ta bi? Taka ka san ta. Ta shago ba wanda ya san ta sai an haska fitila a bututun, maƙerin bindiga kuma ya auna zaman harsashi tsakaninsa da sakata.

Injiniya: Kuma kowa ya duba dokar jiharsa. Mu a Ohio ba a yarda a harbi barewa da Mosin ko Lee-Enfield ba, sai bindiga mai harsashin da kwansonsa miƙaƙƙe ne.

Kawu: Bari in faɗa muku gaskiya. Kakana yana cikin sojan Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kai yaƙin Burma, kuma Lee-Enfield ya rataya. A Najeriya ba zan iya mallakarta ba, doka ta sa bindiga mai awon harsashi .303, irin na Lee-Enfield, cikin makaman soja da aka haramta wa farar hula. Ranar da na fara jan sakatarta a nan, sai da idona ya ciko. Ba zan iya auna wannan da kilo ba.

Injiniya: Allah ya jiƙansa, Kawu. Wannan dalili ne babba, ba mai raba ka da ita. Sai dai dalilinka ne, ba na Baban Amira ba.

Baban Amira: Amin. Na gode muku. Asabar zan koma shagon da fitila, in roƙi su bari maƙeri ya duba ta. In bututun ya ci, na haƙura na ɗauki sabuwa. In lafiya lau take, zan kai ta filin gwaji da harsashi mai taushin baki, in ga ko zan iya tara harbi biyar cikin faranti a mita 100. Kawu, in sun taru zan turo maka hoton.