Wai Rasta da Dudeism duk kanwar ja ce?

Auwal: Salamu alaikum jama'a. Jiya na ci karo da wani abu wai shi Dudeism, wani ɗan jarida Ba'amurke Oliver Benjamin ne ya kafa shi a 2005 yana zaune a Chiang Mai can ƙasar Tailan, kuma daga fim ɗin The Big Lebowski na 1998 ya ciro shi. Koyarwar kaf ita ce ka sassauta wa kanka, kar ka ɗau duniya da zafi. Ni dai ina gama karantawa na ce ai wannan Rasta ne na Turawa, a tara gashi a busa hayaƙi a ce ba damuwa, duk kanwar ja ce

Ɗan Nima: Haba Auwal, wlh ka zalunci mutanen nan. Ni na tashi da Rasta a Akara, ba bin su nake ba, ni Musulmi ne, amma gaskiya ɗaya ce. Abin nasu daga ciwo ya fito. Jikokin bayi ne a Jamaika ƙarƙashin mulkin Ingila, talauci ya yi musu katutu, Marcus Garvey, ɗan Jamaika mai fafutukar 'yancin baƙar fata, ya riga ya cusa musu cewa gidansu Afirka ne, sai ga shi ran 2 ga Nuwamba 1930 an naɗa Ras Tafari sarkin Habasha da sunan Haile Selassie, baƙin mutum da kambi a ƙasar da ta kori Italiya a yaƙin Adwa, shi ne su Leonard Howell, magabatan Rasta, suka fara wa'azi cewa ga wanda ake jira ya zo. Howell ɗaure shi aka yi saboda wannan wa'azin fa. Wa aka taɓa ɗaurewa kan Dudeism?

Auwal: To ai ba tarihi nake nufi ba yallaɓai, yadda suke rayuwa nake nufi

Hajara: Ni kam ina ganin Yaya Auwal yana da ɗan gaskiya. Dukkansu sun ƙi wannan tseren neman kuɗin da ba ya ƙarewa, Rasta su ce Babila ce, wato tsarin duniya na zalunci, waɗancan su ce mutum ya daina kashe kansa don abin duniya. Kuma duka biyun ba su da wani shugaba guda da ke ba kowa umarni. Wiwi ma akwai ta a ɓangarorin biyu, tunda jarumin fim ɗin yana sha

Ɗan Nima: Ƙanwata wiwin ma ba ɗaya ba ne. Shi mutumin fim ɗin yana sha ne don nishaɗi, ga kofin giyar da ake haɗawa da madara a hannu kullum, daga nan ya tafi wasan mirgina ƙwallo da abokai. Rasta kuma a wurinsu ibada ce, a zauna a yi addu'a a tattauna Baibul, har gwamnatin Jamaika a 2015 ta halatta musu don addini. Kuma na gaske cikinsu giya ba ya sha, alade ba ya ci, da yawa nama ma gaba ɗaya sun bari, wasu har gishiri, shi ne abincin da suke kira ital. Gashin ma alwashi ne daga Littafin Ƙidaya na Baibul sura 6, aska ba ta taɓa kai. Wannan ka kira shi rayuwar ba damuwa? Ai dokoki ne jingim

Malam Habu: Bari in sa baki. Kar mu raina ɗayan don mu ɗaga ɗayan. Dudeism ba fim ne kawai ba, su da kansu suna cewa sun ɗauko daga falsafar Tao ta Sin, ta Laozi, da kuma Epicurus na Girka wanda ya koyar da cewa kwanciyar rai tana cikin abu kaɗan da abokan kirki. Mutumin da aiki ya hana shi barci, hawan jini na neman kayar da shi, in aka ce masa ya numfasa ba ƙaramin abu aka ba shi ba. Amma inda suka rabu shi ne Allah. Rasta suna da Jah, sunan da suke kiran Allah, suna jiran hukunci kan Babila, su kuma waɗancan ba ruwansu da wa kake bauta wa, ka shiga intanet ka cike suna kyauta a ba ka takardar zama limaminsu nan take

Ɗan Nima: Yauwa Malam, nan take. Su kuwa a 1954 'yan sanda suka tarwatsa Pinnacle, ƙauyen da Howell ya kafa a Jamaika. A 1963 bayan rikicin Coral Gardens, can Jamaika, aka dinga kamo Rasta ana duka ana aske su ƙarfi da yaji, sai 2017 gwamnati ta ba da haƙuri. Nan Gana ma a 2021 sai da kotu ta sa baki kafin makarantar Achimota ta karɓi ɗalibai masu dogon gashin

Hajara: Na yarda sun sha wuya. Amma tsaurin nan kanmu mata yake ƙarewa, a ɓangaren Rasta da ake kira Bobo Ashanti ana keɓe mace kwanaki da yawa saboda jinin al'ada, kuma maza ne ke jan ragama. A nan kam waɗancan sun fi sauƙi

Ɗan Nima: Wannan kam haka ne, ban musa ba, matan cikinsu ma sun daɗe suna ƙorafi a kai

Auwal: To na janye kanwar ja. Amma har yanzu ina nan kan cewa yawancin masu gashin da muke gani a gari ba su san Howell ba, reggae da hayaƙi kawai suka sani, waɗannan sun fi kusa da Dudeism ko da ba su taɓa jin sunan ba

Malam Habu: Waɗannan masu kwaikwayo ne Auwal. In za ka auna, auna da iyalan da suka tattara ya-nasu-ya-nasu daga Jamaika suka koma Shashamane a Habasha, filin da Selassie ya bayar a 1948, har yau jikokinsu na can