Tsoffin gidajen Turawan kuza a Toro: a shafa musu siminti ko a bari?

Mai tambaya, Tilden Fulani:
Assalamu alaikum. A yankinmu akwai ragowar gine-ginen zamanin haƙar kuza, na dutse da aka ɗaure da laka, rufin kwano. Ɗaya ya tsage daga kan taga har ƙasa, gindinsa kuma kullum a jiƙe. Matasa sun yi karo-karo za su yaɓe shi da siminti a mai da shi ɗakin karatu. Masu sani, haka ya dace? Da me za mu fara?

Injiniya, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Malam. Don Allah a dakatar da simintin nan. Bangon dutse da laka yana shan danshi yana kuma fitar da shi. In kuka rufe fuskarsa da siminti, ruwan da ke hawa daga ƙasa ba shi da mafita, sai ya taru a ciki ya narkar da lakar da ke riƙe da duwatsun. Bayan damina kaɗan za ku ga yaɓen ya kumbura ya ɓare, ya tafi da fuskar bangon.

Ku fara da sama da ƙasa, bango ya jira. A hau rufi a duba ƙusoshin da suka yi tsatsa da kwanon da ya huje. Kowane katako a soka masa ƙusa mai inci 4: in ta shige ba wuya, gara ta gama da shi, a canza. Sai gindin gini. Yawanci ƙasa da shara sun taru sun haura daɓen ciki, to a kwashe har wajen ya yi ƙasa da daɓen da kamar santimita 15, a yi masa gangara, a haƙa lambatu tazarar mita 1 daga bango. Bishiyar da ta tsiro a jikin gini a sare ta a kashe kututturen, kada a fizgo saiwar, da duwatsu take fitowa.

Tsagar kuwa, kada ku cike ta yanzu. Ku ja layi da fensir a gefe biyu, ku auna faɗinta, ku rubuta kwanan wata, a riƙa sake aunawa duk wata har damina ta wuce. In ba ta motsa ba, tsohon ciwo ne, ciko ya isa. In tana buɗewa, tushe ne ke zama, kuma a ƙasar da aka yi haƙa abin tsoro shi ne tsohon rami a ƙarƙashi. Wannan sai injiniya ya zo da kansa.

Magini, Kafin Madaki:
Injiniya ya faɗi gaskiya. Abin da aka gina da laka, da laka ake gyara shi. A ƙwaƙule tsohuwar lakar da ta rube tsakanin duwatsu, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin gaɓar, a share, a yayyafa ruwa. Jar ƙasa mai ɗan tsakuwa za a kwaɓa da yankakkiyar ciyawa da kashin doki, a rufe ta ta yi kwanaki tana ruɓa, ana juyawa. Ƙasar da aka kwaɓa yau aka shafa yau tsagewa take yi. A cusa kaɗan-kaɗan, kowane shafi kada ya wuce kaurin yatsa, ya sha iska kafin a ƙara. In ana son kariya daga ruwan sama akwai makuba, ta ɓawon ɗorawa. Ku zo ku ga Gidan Madaki a nan, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda gwamnati ta sa cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1956. Ƙasa ce da azara, kulawa ce ta kawo shi yau.

In kun ga farin abu ne a gaɓar ba laka ba, to laim ne, wato farar ƙasa ta gini. Ma'auni 1 na laim, 3 na yashi mai kaifi. Kada a yi aikin cikin tsananin hunturu, bushewa yake da sauri ya zama gari. A lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara na mako guda.

Malamar tarihi, Gombe:
Baba magini, Allah ya ƙara basira. Zan ƙara abu biyu. Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton kowane bango, a auna, a zana, a zauna da dattawa a naɗi abin da suka sani. Tilde ba ƙaramin wuri ba ne, nan masu neman kuza na Kamfanin Neja suka yada zango a farkon ƙarni na 20, lokacin Jos ma tana ƙarƙashin Lardin Bauchi, har zuwa 1926. Ku sanar da hakimi, ku rubuta wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.

Na biyu lafiya. Kada a ɗebi yashin tsohon wurin wankin kuza a yi yaɓe ko daɓe, yana iya ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururi mai cutarwa. In an taɓa daka dutsen zinariya a ɗakin, sai an gwada ƙasar kafin yara su shiga: gubar dalma da ke cikin irin wannan dutse ce ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010. Masu share kashin jemage su jiƙa shi tukuna, su rufe hanci.

Shawarar ɗakin karatu kuwa ina bayanta ɗari bisa ɗari. Ouro Preto, birnin zinariya na Brazil, an ɗauke masa hedikwatar jiha a 1897, sai masu son rushe tsoho su gina sabo suka bi gwamnati, mazaunan da suka rage suka ci gaba da zama a tsoffin gidajen. A 1980 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Gidan da ake buɗewa kullum, ranar da ya fara yoyo za a gani.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Kuɗin simintin za mu juya su zuwa kwano da lambatu. Baba, makubar nan buhu nawa za ta ishi ɗaki mai ƙafa 20 da 14?