Tsakanin rubuta manhaja da binciken fiziks: wa ya bi wannan hanyar?

Ɗan Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Digirina na farko a fiziks ne, amma tun da na gama, da rubuta manhaja nake cin abinci. Yanzu haka ina wani kamfani a nan Jidda, albashi alhamdulillahi. Sai dai fiziks ya ƙi fita daga raina, ga shekaru suna tafiya. Ina so in nemi digiri na biyu in koma bincike. Don Allah wanda ya bi hanyar nan, ko ya juyo daga can zuwa nan, ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa.

Mazaunin Suwal: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni daga kamfani na shigo, kuma ina cikin bincike har yau. Jami'ar kimiyya da fasaha ta KAUST na zo, wadda aka buɗe a 2009 a garin Suwal, a bakin Bahar Maliya, arewa da Jidda. Da Turanci ake karatu, kuma wanda aka ɗauka ana ɗauke masa kuɗin makaranta, a ba shi masauki da alawus.

Abin da ka iya yana da daraja fiye da yadda kake zato. Binciken yau rabinsa a kwamfuta yake. Aikina kwaikwayon yadda girgiza take ratsa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ne, irin lissafin da masu neman man fetur suke dogaro da shi, kuma a babbar kwamfutar nan Shaheen muke sarrafa shi: ka tura aikinka, ya shiga layi, ka jira. A fannin namu ko'ina a duniya za ka tarar da tsohon kod, wato rubutun manhaja, na yaren kwamfuta Fortran da aka gada hannu zuwa hannu, sunayen cikinsa x1 da x2, babu layi ɗaya na bayani. Mutumin da ya san Git, manhajar adana tarihin canje-canjen kod, ya san rubuta gwajin kod, ya san raba aiki ga na'urori da yawa a lokaci guda, rububinsa ake yi.

Amma ga inda na sha wuya. A kamfani, in manhaja ta yi aiki ba ta tsaya ba, mai kaya ya ce ya gamsu, an gama. A nan kuwa kod zai gudu lafiya lau, ya zana maka hoto mai kyau, alhali amsar ƙarya ce. Malamina ba ya ko kallon hoton. Cewa yake: rage tazarar lokacin da ke tsakanin matakan lissafin da rabi, ka sake. In amsa ta canza, ba ka da sakamako tukuna. In tazarar ta yi yawa kuma, lambobin su haukace gaba ɗaya. Babu wata iya kod da za ta gaya maka dalili, sai lissafi.

'Yar Mai Wurno: Malam ya yi gaskiya. Ni akasin hanyarku na bi. A Khartoum na karanta fiziks, burina in je ICTP da ke Trieste a Italiya, cibiyar da Abdus Salam ya kafa a 1964, don suna da difiloma ta shekara ɗaya ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa. Ina cikin shiri yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Yaren kwamfuta na Python da na koya don tace bayanan gwaji shi ya zame mana abin dogaro, da shi na samu aiki ta intanet, da shi nake ɗaukar nauyin Inna da ƙannena. Ban ɗauka na faɗi ba. Fiziks ya koya mini in ƙi yarda da lamba sai na san inda ta fito, kuma a wurin aiki don wannan ake nemana. Ko shafukan intanet da muke buɗewa, ai a CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai, aka ƙirƙiro tsarinsu a 1989, don masu bincike su riƙa musayar takardu. Har yanzu ina warware tambaya ɗaya ko biyu bayan sallar asuba, kada hannu ya mutu.

Baban Riyad: Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, 'yata. Ɗan Jidda, ni maganar gida zan yi maka. Igamarka, wato izinin zamanka a Saudiyya, a hannun kamfani take. Kada ka ajiye aiki sai takardar ɗauka ta zo hannunka, ka kuma tambaya a rubuce yadda zaman iyalinka zai kasance. Alawus ɗin ɗalibi ba zai kai albashinka ba, sai ka zauna da maiɗakinka ku yi lissafi tun yanzu, har da abin da kake aikawa gida. Na ga yaro mai ƙwazo ya bari a tsakiya, ba don kansa ya gaza ba, don bai yi wannan shawarar ba. Kuma kada ka tsaya a ƙofa ɗaya, jami'ar KFUPM da ke Zahran tana da sashen fiziks.

Ma'aikaciyar Asibiti: Akwai hanyar tsakiya ma, Yaya. Ni a sashen gasa ciwon daji da haske nake, muna auna yawan hasken da zai shiga jikin majinyaci. Ana amfani da Geant4, manhajar da aka gina da yaren kwamfuta na C++ don binciken ƙananan ƙwayoyi, wajen kwaikwayon irin wannan. Fiziks ne, kod ne, kuma ga mutum kwance a gabanka.

Ɗan Jidda: Allah ya saka da alheri, kun buɗe mini ido. Malam na Suwal, da me zan fara?

Mazaunin Suwal: Da aljabarar matris da lissafin sauye-sauye, da biro da takarda, kullum ko da awa ɗaya ce. Sannan ka ɗauki takardar bincike guda ta malamin da kake so ka yi aiki da shi, ka sake fitar da zane ɗaya na cikinta da kod ɗinka, ka ɗora a GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet. Shi za ka haɗa da wasiƙar da za ka aika masa. In ka gama, turo mini in duba kafin ka aika.