Farautar ɓoyo da GPS a wajen jar hasumiyar kogin Hudson: yaya ake yi a gindin gada?

Baban Zainab, Bronx

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san wasan nan na Geocaching, musamman mazauna New York. Ga wanda bai san shi ba, wani ne zai ɓoye ɗan akwati da takarda a ciki, ya ɗora lambobin GPS na wurin a intanet, kai kuma ka bi da wayarka har ka gano, ka sa hannu, ka mayar yadda ka tarar. Zainab ce ta kawo mana shi daga makaranta, na kuwa karɓa hannu bibbiyu, don shi ne ya fara fitar min da yaran nan daga ɗaki ranar Asabar ba tare da rigima ba.

Asabar ɗin da ta wuce muka shiga bas zuwa titi na 181, muka miƙe yamma, muka haye 'yar gadar ƙafa, sai gangare har bakin ruwa a Fort Washington Park, inda 'yar jar hasumiyar nan mai fitilar gargaɗin jiragen ruwa take a gindin gadar George Washington. Manhajar wasan ta nuna akwai ɓoyo a yankin, amma muna kusantar gadar sai kibiyar da ke nuna mana hanya ta rikice. Yanzu ta ce saura mita 8, ka yi taku biyu ta ce 30, can ta jefa mu tsakiyar kogi. Haka muka dawo hannu rabbana.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Ina sanye da kaftani da hula, ga gemu, ina leƙa ƙarƙashin benci ina lalube bayan duwatsu a gindin babbar gada. Wani mai keke ya tsaya ya ƙura min ido, sai na ji gabana ya faɗi. Ku da kuka daɗe a harkar, yaya kuke yi? Ba na so in hana yaran abin da suke so, ba na kuma so su ga ana yi wa ubansu tambayoyi a gabansu.

Injiniya Sani, Newark

Wa alaikumus salam, Baban Zainab. Wayarka lafiyarta ƙalau. GPS lissafin lokaci yake yi, wato tsawon lokacin da saƙo ya ɗauka daga tauraron ɗan'adam zuwa hannunka. A fili, waya kan kuskure da kamar mita 5. To kai ka tsaya ƙarƙashin gada mai hawa biyu da layin mota 14, ga ginshiƙin ƙarfe zalla mai tsayin mita 184 a kanka. Rabin sama a rufe yake, sauran saƙon kuma sai ya bugi ƙarfe ya dawo kafin ya iso ka, ya makara, lissafi ya ɓaci.

Ka ja baya inda sama take a buɗe, ka bar kibiyar ta nutsu, ka duba inda ta nuna da nisan da ta ce, sannan ka sa wayar a aljihu. Daga nan aikin ido ne. Ka karanta matashiyar da mai ɓoyon ya bari, ka duba girman akwatin, don wasu ba su kai kan yatsa ba, maganaɗisu ke riƙe su. Ka kuma duba ranar da aka same shi na ƙarshe. Idan mutane da dama a jere sun rubuta ba su samu ba, wataƙila ya ɓace ne.

Kada ka neme shi a jikin gadar ko hasumiyar. Ƙa'idar wasan ta hana ajiya a wurare irin manyan gadoji da madatsun ruwa da filayen jirgin sama, ta hana binnewa, ta hana taɓa kayan tarihi. Tun daga ɓoyon farko, wato bokitin da wani Dave Ulmer ya ajiye a jihar Oregon ranar 3 ga Mayun 2000, kwana guda bayan gwamnatin Amurka ta daina dagula saƙon GPS na farar hula, an sha samun akwatin wasa da aka zata bam ne har aka kira masu kwance bam. Shi ya sa aka tsaurara.

Maman Khalil, Harlem

Malam, Injiniya ya gama maganar na'ura, amma tsoronka gaskiya ne, kada wani ya ce maka zargi ne kawai. Ni da hijabi nake zuwa wurin. Abin da na lura, wanda ake zargi shi ne mai sanɗa yana waige-waige. Mu da hayaniyarmu muke zuwa, yara a gaba, su ke laluben, ni ina riƙe da waya a buɗe. Wanda ya tsaya kallo sai in gaishe shi in nuna masa manhajar. Masu wasan suna cewa a yi a ɓoye kada 'yan kallo su gane wurin su ɗauke akwatin. Ni ban yarda da wannan ba a gindin gada. Gara akwati ya ɓata da a kira wa mutum 'yan sanda. Kada ka je da dare, kada ka je kai kaɗai, kada ka tsallake shinge ko da kibiya ta ce can ne. A sa wa yara safar hannu, don akwai fasassun kwalabe, akwai kuma ciyawar nan mai ganye uku-uku da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje.

Kuma don Allah ka ba su labarin hasumiyar, ya fi abin da ke cikin akwatin. A 1880 aka fara kafa ta a Sandy Hook, can New Jersey, aka kwance ta a 1917, aka sake haɗa ta a nan a 1921 don ta gargaɗi jiragen ruwa daga duwatsun Jeffrey's Hook. Tsayinta mita 12 ne kacal. Shekara goma tana aiki sai aka buɗe gadar a 1931, fitilun gadar suka shafe nata, a ƙarshen shekarun 1940 aka kashe ta. Da aka tashi gwanjonta a 1951, yaran da suka karanta littafin da Hildegarde Swift ta rubuta a kanta a 1942 suka yi ta aika wasiƙu har aka fasa, aka miƙa ta ga hukumar wuraren shaƙatawa ta birnin. A 2002 aka sake kunna fitilarta. Khalil har yanzu ba ya gajiya da jin cewa yara ne suka cece ta. Da kaka ana yi mata biki, ana buɗe ƙofa a hau sama.

Ɗan Damagaram, Albany

Yaya, in ka samu hutu ka hauro arewa. Hasumiya bakwai suka rage a kogin nan. Ta Saugerties, ginin 1869, ita na fi so: babu gada a kanka, GPS zai zauna daram. Sai dai ka duba jadawalin cikar ruwa kafin ka fito, don Hudson yana cika yana janyewa da teku har garin Troy, kuma 'yar hanyar da ke kaiwa hasumiyar, kusan mita 800, ruwa kan rufe wani sashenta. Can ƙasa wajenku ma haka ne, dutsen da ka taka da safe yana iya nutsewa da la'asar.

Baban Zainab, Bronx

Allah ya saka muku da alheri. Injiniya, na koma na karanta matashiyar, lallai benci take nufi, kuma a taswira wurin yana kudu da gadar sosai, a gefen hanyar keke. Hajiya Maman Khalil, na karanta wa Zainab abin da kika rubuta, ta ce ita za ta riƙa yi wa masu tsayawa bayani. Kaftanina dai ba zan cire ba. In Allah ya kai mu Asabar za mu fito da hantsi, da safar hannu da biro. In ku ma kuna da sarari, mu haɗu a bakin gadar ƙafar da misalin ƙarfe goma, yaran su nema tare.